Wasiƙa Daga Belleville: Daga Ina Ciyawar Akwatin Kifina Ta Fito?

   

Tun da na aiko da hoton ɗakina ake ta yi min tambaya a kan akwatin gilashin nan da ke kan tebur. Kawu ya ce a tambaye ni, wai kifin da ba za a ci ba me ake yi da shi a ɗaki? Yaya kuma cewa ta yi ciyawar ta fi kifin yawa, ko noma na koma? To Yaya ta fi kusa da gaskiya. Ciyawar ce ma ta fi ɗauke min hankali, don da na bi asalinta sai na ga hanyar ta bi ta Landan da Faris, sannan ta gangara har bakin Kwara.

Akwatin ƙarami ne, lita 30 yake ci. Ɗakina a unguwar Belleville yake, arewa maso gabashin Faris, tagarsa kuma arewa take kallo, rana ba ta shigowa sam. Don haka ba kowane tsiro zai rayu a ciki ba, sai mai haƙuri da inuwa. Fitila ƙarama nake kunna musu ta awa 6 zuwa 7 a rana, duk mako in kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan in zuba sabo. Shi ke nan aikin.

Kiwon kifi a tukunya tsohon abu ne, mutanen Sin sun daɗe suna yi da jan kifinsu. Amma akwatin gilashi da za a zauna a kalli abin da ke cikin ruwa ta gefe, wannan bai kai shekara 200 ba. Cikin waɗanda suka fara akwai wata Bafaranshiya, Jeanne Villepreux-Power, 'yar wani ƙauye da ake kira Juillac. Tana da shekara 18 ta tako da ƙafa zuwa Faris ta kama ɗinki, har ta yi aikin rigar auren wata gimbiya a 1816. Aure ya kai ta Sisili, can ne a 1832 ta ƙera akwatunan da take nazarin halittun teku a cikinsu. Tela ce fa, ba ta yi jami'a ba.

Wanda ya gano sirrin haɗa tsiro da kifi kuwa Bature ne na Landan, Robert Warington, masanin haɗa magunguna. A 1849 ya sami babban tulun gilashi mai cin galan 12, ya zuba yashi da taɓo, ya dasa wata doguwar ciyawar ruwa mai suna Vallisneria, ya saki jajayen kifi biyu. Da farko lafiya lau. Can sai tsofaffin ganyaye suka fara ruɓewa, ruwa ya yi kore, gansakuka ta rufe gilashin. Sai ya kawo dodon koɗi biyar ko shida ya jefa. Suka cinye ruɓaɓɓen ganye da gansakukar, ruwa ya washe. A 1850 ya gabatar da bayanin a gaban ƙungiyar masana sinadarai ta Landan: tsiro na ba kifi iskar da yake shaƙa, kifi na ba tsiro taki da iskar da yake fitarwa, dodon koɗi na shara. Abin da ke kan teburina ke nan, ba ƙari ba ragi, illa mun san wani abu da shi bai sani ba, wato ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su ne ke sarrafa gubar kashin kifi. Shi ya sa ake barin sabon akwati mako uku ko huɗu kafin a sa kifi, a ba su lokaci su yaɗu. A 1853 gidan dabbobi na Landan ya buɗe ɗakin kifi don jama'a, a 1854 kuma Philip Henry Gosse ya fitar da littafin da ya yaɗa kalmar akwariyom.

Faris ba ta yarda an bar ta a baya ba. Akwai wani mai kiwon kifi, Pierre Carbonnier, shagonsa na bakin kogin Seine kusa da Louvre. A 1869 wani jami'in jakadancin Faransa mai suna Simon ya sa aka taho da wasu ƙananan kifaye masu ja da shuɗi daga Ningbo ta ƙasar Sin, kaɗan suka iso da rai, aka ba Carbonnier. Ya lura namijin yana tara kumfa a saman ruwa ya yi sheƙa, ya riƙa ɗauko ƙwai da baki yana kaiwa ciki. A shekarar ya samu suka hayayyafa. Kifin aljanna ake ce masa, kuma abin da ya sa ya karɓu shi ne yana leƙowa sama ya shaƙi iska, ba ya kuma buƙatar a ɗumama masa ruwa sosai, sai ya dace da ɗakin talaka. Shekara guda bayan nan sojojin Furusiya suka yi wa Faris ƙawanya, daga Satumban 1870 zuwa Janairun 1871, yunwa ta sa har giwayen gidan dabbobi aka yanka. Mutumin nan bai bar sana'arsa ba. A 1878 shi ne ya fara samun hayayyafar wani ɗan kifi mai gashin baki na Kudancin Amurka, mai kama da jaririn tarwaɗa, wanda har yau ake sayarwa a shagunan nan.

Kafin in zo kan tsiron, bari in ɗan taɓa ruwan, don Belleville unguwar ruwa ce tun asali. Tudu ne, kuma ƙauye ne mai zaman kansa har 1860 da aka haɗe shi da Faris. Tun ƙarni na 12 malaman coci suke tara ruwan idanun da ke tudun suna gangarar da shi zuwa birni. Sunayen tituna sun riƙe tarihin: akwai titin Cascades, wato magangarar ruwa, akwai titin Mare, wato kududdufi, akwai titin Rigoles, wato kwatami. Har yanzu ɗan ginin dutse mai tulluwa da ake kira Regard de la Lanterne, wanda aka gama a 1613, yana tsaye a kan bakin tsohuwar hanyar ruwan. Sai dai ƙasar tudun alli ce, ruwan ya yi suna wajen ƙin kumfa da sabulu, kamar dai zartsin wasu rijiyoyin cikin birnin Kano. Yanzu ba shi ake sha ba, amma na famfon ma yana da alli, duk wanda ya leƙa cikin butar shayinsa a nan zai ga fari ya kama. Tsirrai da yawa ba sa son irin wannan ruwa. Nawa ko a jikinsa.

Sunansa Anubias barteri. Ganyensa kore ne shar mai kauri, yana da kwantaccen tushe kamar na citta. Ba a binne tushen, in an binne ruɓewa yake, sai dai a ɗaure shi da zare a jikin dutse ko itace har saiwoyinsa su kama. Ba ya sauri ko kaɗan, ganye ɗaya a cikin makonni. Dangin gwaza ne, kuma dangin kainuwa. Amma kainuwa 'yar rana ce, shi kuwa a bakin rafukan daji yake fitowa ƙarƙashin manyan itatuwa, a kudu maso gabashin Nijeriya da Kamaru da maƙwabtansu. Af, kainuwar tamu dashen Allah, Tarayyar Turai ta hana sayar da ita tun 2024, wai tana toshe musu magudanai. Kun ji inda ake tsoron abin da muke ture wa da sanda mu ɗebi ruwa.

To wane ne Barter? Charles Barter ma'aikacin lambu ne da ya sami horo a lambun Kew na Landan. A 1857 aka haɗa shi da ayarin Dokta William Baikie da zai hau Kwara a jirgin ruwa mai suna Dayspring, tare da Samuel Ajayi Crowther. Aikinsa tara tsirrai. A watan Oktoba jirgin ya daki dutse kusa da Jebba ya farfashe. Duk wanda ya taɓa bin jirgin ƙasa zuwa Ikko ya san wurin, nan inda ake haye gada. Suka kafa sansani a bakin kogi kusan shekara guda suna jiran wani jirgin, Barter kuwa ya yi ta tsinkar ganye yana busarwa yana aikawa Ingila. Bai koma gida ba. Ciwo ya kama shi, ya mutu a Rabba ta ƙasar Nupe a 1859. Baikie ya zauna, ya kafa zango a Lokoja, ya iya Hausa, har ya je Kano a 1862.

Tsiron nan a tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko, Barter ya tsinke shi. Busasshen ganyen ya isa hannun Heinrich Schott, mai kula da lambunan sarki a Biyana ta Ostiriya, shi ne ya raɗa masa suna a 1860. Rabin farko na sunan daga Anubis ne, gunkin Misirawan da mai kan dila da ke kula da matattu, rabi na biyu daga mamacin Rabba. Ɗaya tsiron da ke cikin akwatina ma haka labarinsa yake. Bolbitis heudelotii, mai ganye kamar gashin tsuntsu, irin tsirran da ba sa fure. Sunan Jean-Pierre Heudelot ya ɗauka, Bafaranshe mai tara tsirrai a Senigal da Futa Jalon, wanda ya mutu a 1837.

Ba na jin haushin Barter. Mutum ne da ya yi aiki tuƙuru, aikin kuma ya ci ransa. Abin da ke tsaya min a rai shi ne takardar da ke maƙale da tukunyar a shago. Akwai sunan gunkin Misira, akwai sunan Bature, akwai tambarin kamfanin Denmak da ya raini tsiron a gidan gilashi, amma babu sunan da masu wanka da wanki a bakin rafin suke kiransa. Busassun ganyayen su ma duk suna nan Turai. Ma'ajiyar tsirrai ta Jardin des Plantes a Faris tana da samfuri wajen miliyan 8. Da na je Liyon na tarar jami'ar Claude Bernard ita ma tana riƙe da fiye da miliyan 4, galibinsu tarin Yarima Roland Bonaparte ne, wanda ya ƙware a kan dangin Bolbitis ɗin nan. Ɗalibin Zariya ko Yamai da ke son ganin samfurin farko na tsiron ƙasarsa, ko dai ya nemi biza ko ya haƙura da hoto a kwamfuta.

In kana son ka ga wannan tarihi a gini ɗaya, ka je Porte Dorée a gabashin Faris. An gina fadar ne don bikin baje kolin mulkin mallaka na 1931, aka sa akwatunan kifi a ƙasanta don a nuna wa Faransawa halittun ruwa na ƙasashen da suka mallaka. Kifin na nan har yau. Benen sama kuwa tun 2007 ya koma gidan tarihin baƙin haure da 'yan ci-rani. Na shiga duka biyun a yini ɗaya, na fito ina ta dariya ni kaɗai.

Kifin da Kawu ke tambaya su biyu ne, mace da namiji, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Gardneri ake ce musu, asalinsu Nijeriya da Kamaru. Masu kiwonsu a nan suna da wata ɗabi'a da ta burge ni: ba sa haɗa na wani gari da na wani, kuma kowane iri da sunan inda aka fara kamo shi. Sai ka ga Bafaranshen da bai taɓa taka Afirka ba ya rubuta Makurdi ko Akure a jikin gilashi. Nawa 'yan Makurdi ne. Tsalle gare su, dole a rufe akwatin.

Suna da ɗan uwa a ƙasarmu. A 1928 wani masani na Jamus, Ernst Ahl, ya bayyana wani ɗan kifi daga kogin Kiyawa ta wajen Katagum, ya sa masa suna kiyawensis. Damina ɗaya yake rayuwa. Kududdufi ya ƙafe, iyayen su mutu, ƙwan ya kwanta cikin busasshen taɓo duk tsawon rani, ruwan farko na sauka ya ƙyanƙyashe. Ina zaton irinsa na cikin abin da ya sa muna yara ake ce mana kifi daga sama yake faɗowa. Irin wannan kifi ba shi da wurin gudu. Ranar da aka cike kududdufin da shara aka yanka fuloti, shi da ƙwansa sun tafi, kuma kun fi ni sanin yadda kududdufan Kano suke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya.

A 1916 wani likita, J. M. Dalziel, ya buga littafin sunayen tsirrai da Hausa, ya bi mutane yana tambaya yana rubutawa. Shekara fiye da 100 ke nan. Don haka ga saƙo gare ka, Auta. In damina ta sauka, ka je kududdufin bayan gidan Baffa da wayarka, ka ɗauki hoton duk abin da ya tsiro a ciki da bakinsa, bado da kainuwa da sauran da ban san sunansu ba, har da ƙananan kifin da yara ke kamawa da gwangwani. Ka kai wa Inna ta gani, ka rubuta sunan da ta faɗa da abin da ake yi da shi, ka sa kwanan wata. Kuɗin kati na wuyana.

A gaishe min da Inna da Kawu da yara duka. Sai wasiƙa ta gaba in Allah Ya kai mu.