Gidan da babu shi a mize

Ranar Lahadi mun shiga Gidan Tarihi na Boubou Hama, wanda mutanen Yamai ke kira mize kawai. An buɗe shi a 1959, kafin ƙasa ta samu ƴanci. Mun ga ƙasusuwan dinozor, mun ga busasshen icen Tenere da aka kawo a 1973. Amma ni inda na daɗe tsaye shi ne wajen gidajen gargajiya: na Bahaushe, na Bazabarme, bukkar Bafillace, tantin Buzu. Kowa da nasa. Sai na tuna da kakata, wadda aka haifa a bariki. Ita ina nata?

Faransa ta kafa rundunar da ake kira tirayer na Senegal a 1857, amma suna ne kawai, an kwashi samari daga duk yankin, har da Nijar. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne da yawansu da matansu suke yawo. Matan ne ke daka, su ɗebo ruwa, su dafa wa rundunar. Wasu aure ya kai su, wasu kuwa, mu faɗi gaskiya, kamo su aka yi, kamar yadda ayarin Voulet da Chanoine ya yi a 1899 sa'ad da ya ƙone garuruwa har Birnin Ƙonni.

Haka unguwar soja ta zama gari cikin gari. Babambare maƙwabcin Bamoshe, matansu na aron turmi ba su jin yaren juna, yara kuma su tashi da harshen da ya haɗa kowa. Shi ya sa har yau in an ce wane ɗan bariki ne, ba yabo ba ne: wai wanda ya bar al'adar gidansu. To wa ya raba shi da gidan?

Kakata ta ce ɗakinsu ɗaya ne, su bakwai, kuma ƙaho ke tashe su kafin kiran salla. Ubanta ya dawo daga yaƙin Turai da tari da lambar girma. A Disamban 1959, shekarar da aka buɗe mize ɗin nan, Faransa ta yi dokar daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta mallaka. Sai a 2011 aka daidaita shi gaba ɗaya da na Faransawa. Shi ya riga ya rasu tuni.

Lambar tana nan cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gadon kawuna. Turmin kam an yi makamashi da shi.