Tsohon Birnin Kano

Tsohon Birnin Kano, wanda mazauna ke kira Cikin Gari ko Birni, shi ne ɓangaren Kano da ke cikin tsohuwar ganuwa. A yau ya shiga ƙananan hukumomin Birni da Kewaye, Dala da Gwale a Jihar Kano, Najeriya. An san shi da ginin ƙasa irin na Hausa, da Kasuwar Kurmi, da marinar Ƙofar Mata, da abincin alkama irin su gurasa da alkaki. Sana'o'in birnin a haɗe suke: abin da marina da majema suka zubar shi magina ke yaɓe soro da shi, kayan da ake jere ɗaki da su kuma daga Kurmi suke fitowa. A shekarar 2007 aka shigar da ganuwar da wuraren da ke tattare da ita cikin jerin wucin gadi na kayan tarihin duniya na UNESCO.

Tarihi

Mutane sun zauna a gindin Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7, suna narka tama. Bisa labarin baka, wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya, a gabashin jihar ta yanzu, ya zo neman tama ya zauna a nan. Zuriyarsa ake kira Abagayawa. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya fara lissafin sarakuna daga Bagauda a shekarar 999.

Birnin ya bunƙasa a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), wanda ya gina fada, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya kuma karɓi baƙuncin malamin nan Muhammad al-Maghili. Sunayen unguwanni na nuna baƙin da fatauci da malanta suka kawo: Dandalin Turawa da Alfindiki na Larabawan arewacin Afirka, Madabo ta Wangarawa, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, da Ayagi ta Yarabawa. Hugh Clapperton ya ziyarci birnin a 1824, Heinrich Barth kuma a 1851, inda ya rubuta cewa tufafin Kano na kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Sojojin Ingila sun ci birnin a watan Fabrairun 1903.

Ganuwa da ƙofofi

Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara ginin ganuwa, wadda Kanawa ke kira badala, ɗansa Tsaraki ya kammala. Rumfa ya faɗaɗa ta, haka ma Muhammadu Nazaki a ƙarni na 17. Rahoton Turawa na 1903 ya ce tsayinta ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta kuma kimanin ƙafa 40, ga gwalalo a bayanta. An bar filayen noma a ciki domin kada yunwa ta ci gari idan abokan gaba suka yi masa zobe.

Ƙofofin sun haɗa da Kansakali, Kabuga, Dukawuya, Gadon Ƙaya, Na'isa, Ɗan Agundi, Nassarawa, Mata, Wambai, Mazugal, Ruwa, Dawanau da Waika. Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo a zamanin Turawa aka buɗe su. Kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa, wanda a da shi ke rufe ta da almuru ya buɗe da asuba.

Ginin ƙasa

Ana haƙo ƙasar gini a kusa da inda za a yi gida, ramin da aka bari shi ke zama kududdufi. A kwaɓa ƙasar da ruwa da yankakkiyar ciyawa, a bar ta ta tsima, sannan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana. Ana jera tubalin a tsaye, ana cike tsakaninsa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango kan fara da kauri a ƙasa ya riƙa sirancewa zuwa sama. Wannan kauri ne ke sa ɗaki sanyi da rana a lokacin bazara, da ɗumi da dare a lokacin hunturu.

Rufin soro da azara ake yinsa, wato faskararren itacen giginya, wanda gara ba ta cika ci ba. Da yake azara ɗaya ba ta haye faɗin da ya wuce kimanin mita biyu ba tare da ta lanƙwasa ba, magina suka ƙirƙiro baka: ana ɗaura azara kan azara daga bangaye biyu, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, har su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe su da ƙasa. Idan bakuna suka gitta juna suka ɗauki tulluwa, shi ake kira ɗaurin guga. A inda suka haɗu akan manna tasa ko faranti domin ado. Shugaban masu wannan sana'a shi ne Sarkin Magina, kuma gado ake yinta.

Babban abokin gabar ginin ƙasa shi ne ruwan sama. Saboda haka ake sa indararo ya zubar da ruwa nesa da bango, a kuma yi yaɓe. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, tana ba bango launin ja mai duhu. Laso, wanda ake shafe rufi da shi, haɗi ne na katsi daga gindin rijiyar rini, da gashin awaki daga majema, da ruwan saiwar dafara. A saman bango ana yin rawani, a kusurwoyi kuma zanko. Fuskar gidan mai hali takan sha zane tun ƙasar tana ɗanya: dagi, takobi, allo, daga baya har keke da agogo da jirgin sama.

Tsarin gida ya bi ƙa'idar sirri. Baƙo namiji kan tsaya a zaure, inda maigida ke karɓar mutane, ko koyar da karatu, ko yin sana'a. Daga nan sai ƙofar gida da ɗakunan samari, sai shigifa, sannan cikin gida inda ɗakunan mata, turaka, madafa da rijiya suke. Ba a daidaita ƙofofin a layi ɗaya, don kada na waje ya hango ciki.

Fitattun gine-gine

Gidan Rumfa shi ne fadar Sarkin Kano tun ƙarni na 15. Sarakunan Fulani da suka hau bayan jihadi sun ci gaba da zama a cikinsa suna ƙara soraye. Soron Ingila, inda ake karɓar manyan baƙi, an gina shi a zamanin Abdullahi Bayero (1926–1953).

Gidan Makama, da ke daura da fada, ana danganta gininsa ga Rumfa kafin ya zama sarki. Yanzu gidan tarihi ne, inda aka ajiye tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, kayan yaƙi, kayan kiɗa da hotuna.

Babban Masallacin Juma'a asalinsa na ƙasa ne. Ginin yanzu mai koren tulluwa da hasumiya biyu an buɗe shi a 1951.

Gidan Ɗan Hausa yana wajen ganuwa, a Nassarawa. Nan ne Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a 1909. Shi ma an mayar da shi gidan tarihi.

Kasuwar Kurmi da kayan da

Kurmi tana gefen rafin Jakara. A zamanin fataucin Sahara ana sayar da gishiri, kanwa, goro, tufafi, fata, dawakai da bayi a cikinta. Rumfunanta a jere suke layi-layi bisa sana'a, hanyoyin kuma ƙanana ne. Kasuwannin Kantin Kwari, Sabon Gari da Singa sun ɗauke yawancin cinikin zamani, Kurmi kuma ta riƙe kayan gargajiya.

Masu sayar da kayan da suna ajiye tasoshin tagulla, takubba, akushi, tandu, gafaka, tsakiya da murjani, mundayen azurfa, kuɗin wuri, anini da kwabo mai huji. Ba a rubuta farashi, sai an yi tayi, kuma dillali kan shiga tsakani. Akan gauraya tsohon kaya da sabon da aka dusashe shi, don haka masu saye ke duba nauyi da cin hannu. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi daga Najeriya sai da izini.

Layin kayan doki, inda ake samun sirdi, linzami, likkafa da jalala, ya fi cika idan Sallah ta gabato. A 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun gado na duniya. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa ta a 1498, har yanzu tana rini da baba da toka, masu bugu kuma na fito da ƙyallin yadin.

Adon ɗaki

Adon cikin gida aikin mata ne, ginshiƙinsa kuma jere. Kafin a kai amarya, ’yan uwanta mata kan je su jera kayan da iyayenta suka tara. A da ƙorai masu zane da akusa da faifai ake jerawa. Daga baya tasoshin tagulla suka shigo, sai kwanonin kwalla da samira masu fenti, waɗanda ake ɗorawa bisa juna har kusa da rufi, sannan tangaran a cikin kabad mai gilashi. Jere ba ado kaɗai ba ne, ajiya ce: dukiyar matar ce, tana iya sayarwa idan buƙata ta taso, ko ta aurar da ’yarta da ita.

Ƙasan ɗaki daɓe ake yi masa. Mata kan taru su buga tsakuwa da ƙasa da madaɓi suna waƙa, a yayyafa makuba. Gadon ƙasa, wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa lokacin sanyi, ya ba da wuri ga gadon ƙarfe mai rumfa, shi kuma ga na katako. Tabarma, buzu, darduma, tumtum na fata da kaskon turaren wuta suna nan har yau.

Abinci

Abincin yau da kullum shi ne tuwon dawa, masara ko shinkafa da miyar kuka ko kuɓewa, sai fura da nono da rana, koko da ƙosai ko waina da safe, da ɗanwake. Abin da ya bambanta Birni shi ne abincin alkama, wanda ake dangantawa da zaman Larabawa. Gurasa a tanderu ake gasa ta, unguwar Jakara kuma ta yi suna wajen yinta. Idan aka yayyafa mata ruwa aka barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji da man gyaɗa da albasa, ta zama bandashe. Ana kuma cin ta da tsire ko balangu. Funkaso da miyar taushe abincin biki ne da Sallah. Alkaki, nakiya da dubulan su ne kan gaba a garar amarya. Yawancin wannan abinci a cikin gidaje mata ke yinsa, a fitar da shi talla ko a sayar a ƙofar gida.

Halin da ake ciki

Ganuwar ta rushe a wurare da yawa saboda zaizayar ruwa, ɗibar ƙasa, da gina gidaje da shaguna a kanta. An sake gina ƙofofi da dama da siminti lokacin faɗaɗa tituna. Cike kududdufai domin samun fili ya rage wuraren da ruwan sama ke taruwa, abin da ke ƙara ambaliya a unguwanni.

Gidan ƙasa na buƙatar yaɓe a kai a kai, don haka masu gida da yawa suka koma bulo da kwano. Wasu kan shafe bangon ƙasa da siminti, amma siminti na riƙe danshi a ciki har bangon ya ruɓe. Giginya ta yi ƙaranci, rijiyoyin rini da ke aiki sun ragu, katsin yin laso ya yi wuya, magina masu iya ɗaurin guga kuma tsufa suke yi. Kula da ganuwar yana hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, tare da gwamnatin jiha da Masarautar Kano.