Katangar Gaba a Ƙwallon Amurka: Tarihin Gina Ta da Sababbin 'Yan Wasa

A wasan ƙwallon ƙafa irin na Amurka, katangar gaba ita ce jerin ƙarti biyar da ke tsayawa gaban mai jefa ƙwallo domin su kare shi, su kuma buɗe wa mai gudu hanya. Kowanensu kan kai kusan kilo 140. Aikin nasu ya fi kama da kokawa: riƙon ƙasa da ƙafa, ture abokin karawa, da sanin inda nauyinsa ya karkata.

Babbar hanyar samun irin waɗannan 'yan wasa a gasar NFL ita ce zaɓen shekara-shekara, inda ƙungiyoyi ke ɗibar matasa daga jami'o'i bi da bi, wadda ta fi shan kashi a kakar bara ta fara zaɓa. Bert Bell, mai ƙungiyar Eagles, shi ya kawo shawarar, aka fara a birnin Filadelfiya a 1936. Tun 1994 zagaye bakwai ake yi.

Da farko hankalin ƙungiyoyi ya fi karkata ga masu gudu da masu jifa. Abubuwa biyu suka ɗaga darajar 'yan katanga. A 1978 aka sassauta doka, aka ba su damar miƙa hannuwa yayin tare abokin hamayya, wasan jifa ya bunƙasa. Sannan a 1985 Lawrence Taylor na Giants ya kayar da mai jifa Joe Theismann har ƙafarsa ta karye, bai sake buga wasa ba. Daga nan mai tsaron gefen hagu, wanda ke kare bayan mai jifa, ya zama abin nema. Orlando Pace, mai tsaron wannan gefe, shi ne aka fara zaɓa a 1997, haka Jake Long a 2008 da Eric Fisher a 2013. Ba kullum ake dacewa ba: Packers sun ɗauki Tony Mandarich na biyu a 1989, amma bai taɓuka abin kirki a wurinsu ba.

Misalin da aka fi ambata shi ne na Dallas Cowboys. Sun ɗauki Tyron Smith a 2011, Travis Frederick a 2013, sai Zack Martin a 2014, duka a zagayen farko, alhali magoya baya da dama na kwaɗayin mai jifa Johnny Manziel a wannan shekara ta ƙarshe. Haƙurin ya biya: a kakar 2014 suka ci wasa 12 cikin 16, mai gudunsu DeMarco Murray ya yi gudun yadi 1,845. Kofi dai bai zo ba, amma sun nuna cewa mutum biyar da suka daɗe tare, kowa ya san motsin ɗan'uwansa, sun fi taurari biyar da aka sayo rana ɗaya. Akwai kuma lissafin kuɗi, domin tun 2011 an ƙayyade albashin sababbin shiga, don haka rainon matashi ya fi sayen gogagge araha.

'Yan asalin Najeriya ma sun shiga wannan tarihi. Seahawks sun zaɓi Russell Okung na shida a 2010, Ravens suka ɗauki Kelechi Osemele a 2012, ya ci kofin Super Bowl a kakarsa ta farko. Chukwuma Okorafor, wanda aka haifa a Najeriya, Steelers ne suka zaɓe shi a zagaye na uku a 2018.