Mabaracin Birni da Kalandar Gona: Duba daga Ikara, Maƙarfi da Kudan

A shekarar 2016 gwamnatin Jihar Kaduna ta ɗauki matakai biyu da ba a cika ambatonsu tare ba. A watan Mayu ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir, bayan da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye lambuna. A watan Satumba kuma dokar hana bara da talla a tituna ta fara aiki. An ɗauki na farko a matsayin sha'anin noma, na biyu kuma sha'anin tsaro da tsaftar gari. Hujjar wannan maƙala ita ce magana ɗaya ce aka raba gida biyu, kuma daga garuruwan noma irin su Ikara, Maƙarfi da Kudan aka fi ganin inda suka haɗu.

Tsoro ne ya haifi hanin bara, ba nazarin talauci ba. Ranar 7 ga Yuli, 2015, bam ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari da ke Zariya yayin da ake tantance ma'aikata, mutum sama da 20 suka rasu. Cikin kwanaki kaɗan Gwamna Nasir El-Rufai ya haramta bara da talla, makafi da guragu kuma suka fito zanga-zanga a Kaduna. Kano ta riga ta yi irin wannan doka tun 2013, ta ɗora wa Hisba aiwatarwa, ta sake jaddada hanin a 2020. Maimaita doka ɗaya kowane ɗan lokaci shaida ce cewa ba ta kama ba.

Wani ɓangare na matsalar yana cikin kalmar kanta. "Bara" ta haɗe mutum uku da ba abin da ya gama su sai miƙa hannu. Akwai naƙasasshe, wanda tsarin sarautar Hausa ya daɗe da ba shi gurbi, da unguwarsa da Sarkin Makafi ko Sarkin Guragu. John Iliffe ya yi bayanin wannan a littafinsa na 1987 kan tarihin matalautan Afirka. Akwai ƙolo mai kwano, da ke tsayawa a ƙofar gida yana roƙon ko ɗan ƙanzo. Sai kuma na uku, wanda ya fi ƙaruwa a 'yan shekarun nan: lafiyayyen magidanci ko bazawara mai goyo, da za su tare ka bayan sallah su ce jiya ba a ɗora tukunya ba. Na farko yana buƙatar kulawa ta dindindin, na biyu makaranta da ciyarwa, na uku aiki. Motar kame kuwa guda ce.

Na biyu da na uku duk kalandar gona ce ke tafiyar da su. A tsohon tsari, idan aka gama girbi aka shigar da hatsi rumbu, malam kan ɗebi almajiransa ya tafi ci-rani, matasa ma su bi hanya neman ƙwadago. Wannan dabara ce ta rage bakin da ke cin rumbu har damina ta kewayo. Paul Lubeck, a binciken da ya wallafa a 1986 kan ma'aikatan Kano, ya nuna yadda gardawa ke samun abin yi a birni: dako, ga-ruwa, ɗinkin hula, aikin gini, har da shiga masana'anta. Bara na ƙananan yara ne, kuma na ɗan lokaci ne; da ruwa ya sauka sai a koma gona. Abin da ya sauya shi ne komawar. Gandu ya watse, gado ya yayyanka gonaki, kuɗin taki ya fi ƙarfin mai ƙaramar gona, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Yaron da babu gonar da ke jiransa ba ɗan ci-rani ba ne kuma, ya zama mazaunin titi.

A nan ne ƙananan hukumomin Ikara, Maƙarfi da Kudan ke da abin koyarwa, domin ba yankin fari ba ne. Ƙasa ce ta fadama da noman rani. Raken Maƙarfi da mazarƙwailarta sun yi suna, kasuwarta ta Laraba na tara fatake daga nesa. Kudan da Hunkuyi da Likoro suna fitar da rake da kayan miya. Ikara kuwa har masana'antar sarrafa tumatir aka kafa mata a farkon shekarun 1980. Duk inda lambu ke ci, matashi na da dalilin zama gida da rani. Sai dai masana'antar Ikara ta fi daɗewa a rufe fiye da a buɗe, duk da yunƙurin farfaɗo da ita a 2014. Sakamakon haka kowane manomi ya san shi: lokacin da tumatir ya yi yawa, kwando ba ya fitar da kuɗin motar kai shi kasuwa, shekarar da tsutsa ta faɗo, bashin taki da na mai ya rage a wuya. Mai babbar gona zai jure. Ɗan ƙwadagon da ke tsinkar kaya a biya shi da yamma shi ne ke tsayawa a Tashar Yari yana jiran motar Zariya ko Kano.

Idan ya isa birni ma ba bara yake fara yi ba. Baro yake nema ya tura rake, ko ya ɗauki albasa a faranti. Dokar 2016 ta haɗa talla da bara a kwando ɗaya, wato ta toshe wa mutum matakin da ke tsakaninsa da roƙo. A ganina wannan ne babban kuskurenta.

Tsoron lalacewar birni ba ƙage ba ne. Tun rikicin Maitatsine na Disambar 1980, wanda ya ci rayuka sama da 4,000 a Kano, mazaunin birni ke kallon baƙon yaro mai allo da wani ido. Amma idan ana neman lokacin da Kaduna ta fara ja da baya, a Kakuri za a duba: masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL ta bi sahu a 2007, dubban ma'aikata suka rasa albashi. Waɗannan su ne masu aika kuɗin taki ƙauye, matansu ne iyayen ɗakin almajirai masu ajiye musu tuwon dare. Da mai bayarwa ya talauce, sai roƙo ya bar ƙofar gida, inda aka san yaro da sunansa, ya koma bakin danja, inda mai mota ke ganinsa ta gilashi. Yawan mabarata a titi ya biyo bayan koma-bayan birnin ne.

Za a ce wannan bayani yana wanke iyaye. Ba ya wanke su. Uban da ya miƙa ɗan shekara shida ga malami ba guzuri ba ziyara ya tauye haƙƙin da shari'a ta ɗora masa, kuma akwai waɗanda suka mai da roƙo sana'a alhali suna da ƙarfi. Amma binciken Hannah Hoechner a Kano, wanda ya fito a 2018, ya nuna iyaye da yawa na zaɓar tsangaya ne bayan sun auna ta da firamaren ƙauyensu, wadda ba ta ciyarwa kuma ba ta kai yaro ga aiki. An gwada gyara daga sama: makarantun almajirai da Shugaba Jonathan ya fara buɗewa a Gagi ta Sakkwato a 2012, mayar da dubban yara jihohinsu lokacin korona a 2020, da hukumar ƙasa ta almajirai a 2023. Ba ɗaya da ya taɓa rumbun gidan da yaron ya fito.

Akwai kuma wani abu da ya shafi malamai fiye da gwamnati. A al'ada, manomi kan ware dami ɗaya cikin goma na dawa ko gero a matsayin zakka, kuma da wannan ne malamin ƙauye da gajiyayyu ke kaiwa damina. A mazhabar Malikiyya da muke bi, zakkar amfanin gona ta hau kan hatsi da dangoginsa ne. Tumatir, albasa da rake ba sa ciki, sai dai kuɗinsu idan ya kai nisabi kuma ya shekara a hannu, abin da ba kasafai yake faruwa ga manomi ba. Imam Abu Hanifa kuwa ya wajabta ushiri a kan kusan duk abin da aka noma, har da rake. Ke nan duk fadamar da ta fi kawo kuɗi a Kudan ko Maƙarfi ita ce wadda miskinin garin ba shi da kaso tabbatacce a cikinta, sai abin da mai gona ya ga dama. Ko ya halatta a ɗauki fatawar Hanafiyya a yankin da kayan lambu suka zama jigon arziki, tambaya ce da ta cancanci zaman malaman Zazzau da masana noma na Samaru.