Shakkar Rigakafi a Arewa: Martani ga Masu Ɗora Laifin a Kan Wayar Salula

Tun daga shekarar 2020, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa tare da annobar korona akwai wata annobar ta labarai, wani ra'ayi ya samu gindin zama a tsakanin masu binciken lafiyar al'umma. Ra'ayin shi ne iyaye suna ƙin allurar rigakafi saboda ƙaryar da suke gani a Facebook da WhatsApp, don haka maganin abin shi ne a bi diddigin labaran bogi, a ƙaryata su, a koya wa jama'a tantance abin da ke shigo musu a waya. Yanzu da wuya ka je taron ƙara wa juna sani kan rigakafi ba ka ji an gabatar da takarda a kan wannan turba ba. Ni dai ina ganin idan aka ɗauko wannan bayani aka ɗora shi a kan Arewacin Nijeriya, an kama reshe an bar tushe.

Tarihin ƙauracewar da aka yi wa ɗigon shan inna a jihohin Kano da Zamfara da Kaduna a 2003 sananne ne, an kuma rubuta shi yadda ya kamata (Jegede, 2007, Yahya, 2007, Renne, 2010). Abin da nake so a lura da shi kawai shi ne lokacin. Layukan wayar salula na GSM sun fara aiki a Nijeriya a watan Agustan 2001, kuma a 2003 sai mai hali ke riƙe layi. Ba a ƙirƙiro Facebook ba sai 2004, WhatsApp kuwa sai 2009. Duk da haka zancen cewa an gauraya ɗigon da maganin hana haihuwa ya ratsa birni da ƙauye, har gwamnatin Kano ta dakatar da aikin, ba ta dawo da shi ba sai a Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indonesiya. Ke nan mafi girman ƙin rigakafi da yankin ya taɓa gani ya faru ne kafin a samu kafar da ake zargi.

To me ya ba jita-jitar ƙarfi? A nan ne nake ganin abokan aikinmu suna saurin wucewa. A 1996 sanƙarau ya kashe dubban mutane a Arewa. Ana tsakiyar annobar kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, kusan rabinsu aka ba Trovan, sauran aka ba wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi wannan ɓarna, iyaye kuma suka ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi da 'ya'yansu ba. Jaridar Washington Post ta fallasa batun a Disambar 2000, shari'a ta ja, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Mutumin da aka ce masa a 2003 baƙi na iya zuwa da magani da wata manufa a ɓoye, ba tatsuniya ya ji ba a ganinsa. Yana da misali a garinsu, na shekara bakwai kacal da suka wuce. Zargin hana haihuwa ƙarya ne, kuma ya jawo wa yara da dama shanyewar ƙafa, wannan ba na jayayya a kansa. Amma ƙasar da ƙaryar ta faɗa a kai an riga an yi mata huɗa.

Binciken Belinda Archibong da Francis Annan ya ƙara wa wannan magana nauyi. Sun duba alƙaluman rigakafin yaran da aka haifa kafin fallasar 2000 da na bayanta, suka ga iyaye mata Musulmi sun rage kai 'ya'yansu rigakafin yau da kullum bayan labarin ya fito. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne raguwar ta fi yawa a tsakanin mata masu ilimin boko. Idan jahilci ne tushen abin, kamar yadda aka saba faɗa, ya kamata a ga akasin haka. Wadda ta iya karatu ita ce ta fi samun labarin, kuma labarin da ta samu gaskiya ne.

Wani abokin aikina da muka daɗe muna wannan muhawara yana da hujjoji biyu da ba zan iya tsallakewa ba. Ta farko ita ce ruwan gishiri. A Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zaga Nijeriya a dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi da tsakar dare suna dafa ruwa, wasu suka kwana a asibiti, an kuma samu rasa rai. Babu wani Trovan a bayan wannan, in ji shi, waya ce kaɗai. Yakan kawo nazarin Oyeyemi da abokansa da ya fito a mujallar BMJ a shekarar, wanda ya nuna yadda bayanan ƙarya kan Ebola suka cika Twitter. Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Loomba da abokansa (2021) sun yi gwaji na gaske: suka nuna wa wasu mutane labaran ƙarya kan rigakafin korona, wasu kuma suka nuna musu sahihan bayanai, sai niyyar karɓar allura ta ragu da kusan maki shida cikin ɗari a rukunin farko. Ga dalili, ga sakamako, in ji abokina, me kuma ake nema?

Na yarda da ta farko gaba ɗaya a kan abin da ta nuna, wato sauri. Abin da a da zai yi mako yana bin kasuwanni da tashoshin mota, yanzu kafin asuba ya kai Maiduguri. Sai dai shan ruwan gishiri firgici ne na kwana ɗaya, washegari an daina. Ƙin buɗe wa ma'aikaciyar rigakafi ƙofa zagaye bayan zagaye, shekara da shekaru, wani abu ne daban, kuma ban ga yadda bayanin ɗaya zai wadatar da ɗayan ba. Game da ta biyu, an yi gwajin ne a Birtaniya da Amurka, ta intanet, kuma abin da aka auna shi ne amsar da mutum ya bayar nan take bayan ya ga saƙon. Ba a bi shi asibiti an ga ko ya miƙa hannu ba. Aiki ne mai kyau a inda aka yi shi. Ɗauko shi a yi wa uwa a Dawakin Tofa fassara da shi kuwa yana buƙatar hujjar da har yanzu ba a kawo ba.

A nan dole in rage faɗin iƙirarina. Ba zan iya cewa wayar salula ba ta da hannu a shakkar rigakafi ta yau ba. Alƙaluman Archibong da Annan na zamanin da ya gabaci WhatsApp ne, kuma ba gwaji ba ne irin na Loomba. Abin da hujja ta ba ni damar faɗa ya fi haka ƙanƙanta: nazarin da ke ƙirga saƙonnin ƙarya a kafafen sada zumunta ba zai iya gaya mana dalilin da ya sa aka gaskata su ba. Akwai ma matsalar inda ake ƙirgar. Mafi yawan irin wannan aiki rubutun Turanci yake tattarawa daga shafukan da kowa ke iya gani. Zancen Hausa kuwa yana tafiya ne a saƙon murya, cikin zaurukan WhatsApp da mai bincike ba ya iya leƙawa, daga nan ya sauka a majalisa da gidan suna da bakin rijiya, inda wadda ba ta da waya ma za ta ji shi daga bakin wadda ta amince da ita.

Abin da ya faru a Kudu maso Gabas a Oktoban 2017 yana taimakawa wajen raba waɗannan abubuwa. An yaɗa cewa sojoji na shiga makarantu suna yi wa yara allurar da ke sa musu ƙyandar biri, iyaye suka ruga suka kwashe 'ya'yansu. Yanki ne na Kirista mai yawan masu ilimin boko, don haka bayanin addini da na jahilci duk sun faɗi. Waya ta yi aikinta na sauri. Amma zancen ya zo ne makonni kaɗan bayan atisayen soja da ya bar zaman ɗar-ɗar a yankin, kuma a ganina wannan ne ya sa aka gaskata.

Yadda aka shawo kan shan inna ma darasi ne ga mai bincike. Renne ta rubuta tambayar da mutanen Zariya suka riƙa yi: me ya sa ake bin mu har gida da ɗigo kyauta, alhali in yaro ya kamu da zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda sai mun biya? Daga 2006 aka fara haɗa ɗigon da wasu abubuwan da iyaye ke buƙata, kamar sinadarin bitamin A da gidan sauro. A 2009 sarakunan Arewa ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka shiga aikin, masu unguwanni suka riƙa raka ma'aikata, aka ɗauki matan unguwa su yi magana da maƙwabtansu. Hanyar ba ta zo da sauƙi ba, domin a Fabrairun 2013 an harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. An ga shan inna na daji na ƙarshe a Borno a 2016, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da shi a Agustan 2020, a daidai shekarun da wayoyi da jita-jitar cikinsu suke ƙaruwa.

Da zan tsara binciken da nake ganin ya dace, da na jinkirta tambayar abin da uwa ta gani a waya. Da na fara tambayarta yaushe rabon da ta kai yaro asibitin garinsu, ko ta tarar da ma'aikaci, ko akwai magani, nawa ta kashe, da wane irin harshe aka yi mata magana. Bayan nan sai a kunna mata saƙon muryar da ke yawo, a ga ko wadda aka karɓa hannu biyu a asibiti da wadda aka sallama ba magani za su saurare shi da kunne ɗaya.