Gwajin zuciya ga wanda bai ji ciwo ba

Wannan gwaji shi ne auna yadda zuciya ke harbawa da na'urar ECG, ko ɗaukar hotonta, ga mutumin da ba ya fama da ciwon ƙirji ko haki. Amfaninsa ya danganta da haɗarin da mutum ke ciki tun farko. Ga mai ƙaramin haɗari, sau da yawa sakamako mai tayar da hankali ba gaskiya ba ne. Wani bincike mai suna DIAD na 2009, kan masu ciwon sukari 1,123 a Amurka da Kanada, bai nuna gwajin ya rage yawan masu kamuwa da ciwon bugun zuciya ba.

A garuruwa irin su Kazaure, Ɓaɓura, Roni da Gwiwa, awon hawan jini ya fi wannan gwaji gaggawa, domin cutar tana cin mutum shiru, alhali na'urar da ake ɗaurawa a damtse tana gano ta cikin 'yan mintuna.