Tabon da Ba Shi da Takarda: Fursunonin Yaƙin Amurka da Lambar Rauni

A rundunar sojan ƙasa ta Amurka akwai wata hukuma da ba ta da aiki sai gyaran kuskure a fayil ɗin soja. Wata doka ta 1946 ce ta buɗe hanyar kafa ta, kuma sojan ruwa da na sama kowanne yana da irin tasa. Daga tsakiyar shekarun 1990 wani irin koke ya riƙa zuwa gabanta a kai a kai, kusan duk bakinsu ɗaya. Mai koken dattijo ne da ya haura saba'in, wani lokaci kuma matarsa ce ko ɗansa ke rubutowa bayan rasuwarsa. Maganar ba ta wuce cewa an kama shi a yaƙi, masu gadi sun fasa masa kai da gindin bindiga ko sun karya masa haƙarƙari, tabon yana nan har yau, yana roƙon a rubuta a fayil ɗinsa cewa abokan gaba sun ji masa rauni, a ba shi lambar Purple Heart.

Lambar ba ta zuwa da kuɗin wata. A asibitocin tsoffin sojoji ma, wanda ya taɓa zama fursunan yaƙi sahunsu ɗaya da mai lambar wajen samun kulawa, saboda haka ba wani ƙarin gata dattijon yake hange ba. So yake gwamnatinsa ta amsa da bakinta cewa jinin da ya zubar a hannun abokan gaba jinin yaƙi ne. To me ya sa sai da tsufa ya cim masa ya sami ƙofar yin wannan roƙo?

Ranar 7 ga Agusta, 1782, a garin Newburgh na jihar New York, Janar George Washington ya ƙirƙiro wata alama ta ƙyalle, mai launin shunayya da siffar zuciya, wadda za a ɗinka a ƙirjin rigar ƙaramin sojan da ya nuna bajinta. Mutum 3 kaɗai aka tabbatar sun same ta, daga nan aka manta da ita har kusan shekara 150. Janar Douglas MacArthur, lokacin yana babban hafsan sojan ƙasa, shi ya farfaɗo da ita ranar 22 ga Fabrairu, 1932, ranar cikar shekara 200 da haihuwar Washington. Da fari ana ba da ita don rauni, ana kuma ba da ita don kyakkyawan aiki. A 1942 aka keɓe ta ga wanda abokan gaba suka raunata ko suka kashe, Shugaba Franklin Roosevelt kuma ya faɗaɗa ta ta haɗa da mayaƙan ruwa.

Sharaɗin samunta a fili yake: abokan gaba ne suka jawo raunin, raunin ya kai ga neman likita, kuma an rubuta jinyar a takardun hukuma. Ga wanda harsashi ya samu a bakin daga, abokansa suka ɗauke shi zuwa tantin likita, wannan ba wuya, kafin ya farfaɗo an riga an cike masa kati. Irin wannan sojan masu tsara dokar suka sa a gaba. Ba su kawo a rai ba cewa za a ji wa soja rauni a inda wanda ya ji masa ciwon shi ne mai riƙe da makullin ɗakinsa.

Shekara 10 bayan farfaɗo da lambar, sojojin MacArthur ɗin kansa suka faɗa wannan hali a Filifin, a yaƙin duniya na biyu. A watan Maris na 1942 MacArthur ya bar su ya tafi Ostareliya bisa umarnin Roosevelt. Ranar 9 ga Afrilu, Manjo Janar Edward King ya miƙa wuya ga Japan a yankin Bataan tare da mutum kimanin 75,000, mafi yawansu 'yan Filifin, Amurkawa kuwa wajen 12,000. Mutanen da yunwa da zazzaɓi suka riga suka ci ƙarfinsu aka tasa a gaba, tafiyar kimanin kilomita 100 a ƙasa cikin zafin rana zuwa garin San Fernando. Wanda ya faɗi a harbe shi ko a soke shi da wuƙar bakin bindiga, wanda ya karkata wajen rijiya ya sha duka ko ya rasa ransa. Daga nan aka cusa su a taragon jirgin ƙasa, aka ƙarasa da su sansanin O'Donnell, inda cikin 'yan watanni Amurkawa kimanin 1,500 da 'yan Filifin fiye da 20,000 suka mutu da atuni da zazzaɓin cizon sauro da yunwa. Da yawa daga waɗanda suka rage an loda su a cikin jiragen ruwa na kaya zuwa Japan don aikin tilas a ramukan ma'adinai da masana'antu. Jiragen ba su da wata alama da ke nuna fursunoni suka ɗauko, shi ya sa Amurkawa da kansu suka nutsar da wasu. Jirgin Arisan Maru, wanda ya nutse ranar 24 ga Oktoba, 1944, yana ɗauke da fursunoni kusan 1,800, kuma ko mutum 10 ba su tsira ba.

Sojojin Amurka kimanin 27,000 Japan ta tsare a wannan yaƙi, kusan kashi 40 cikin ɗari ba su dawo ba. Jamus ta tsare sama da 90,000, waɗanda suka mutu a hannunta ba su wuce kashi 1 ko 2 cikin ɗari ba. Japan ta sa hannu a yarjejeniyar Janiba ta 1929 kan fursunonin yaƙi, amma ba ta tabbatar da ita ba, kuma tarbiyyar sojanta ta lokacin tana ɗaukar miƙa wuya abin kunya, wanda ya yi shi bai cancanci mutunci ba. Akwai likitoci cikin fursunonin, wasunsu sun yi ƙoƙarin rubuta sunayen marasa lafiya da matattu a ɓoye. Amma likitan da ba shi da bandeji ba zai tsaya rubuta kowane duka ba, a wurin da duka abin kullum ne.

Da waɗannan mutane suka dawo gida, rundunar soja ta ce raunin da aka ji musu a tsare bai shiga lissafin lambar ba. Hujjarta ita ce dukan fursuna laifin yaƙi ne, ba halastaccen aikin yaƙi ba, lambar kuwa ta raunin fagen fama ce. A idon lauya maganar tana da tsari. A idona kuwa juya gaskiya ne aka yi, domin ma'anarta ita ce, in abokin gaba ya ji maka ciwo bisa ƙa'ida ƙasarka za ta karrama ka, in kuma ya ji maka ta hanyar zalunci ta yi shiru. Muguntar mai gadi ta zama dalilin hana wanda aka zalunta haƙƙinsa.

Ba wai gwamnati ta musanta an wahala ba ne. Dokar biyan diyyar yaƙi ta 1948 ta ba kowane fursuna dala 1 a kan kowace rana da aka hana shi isasshen abinci, a 1952 aka ƙara dala 1 da rabi a kan kowace ranar aikin tilas da cin zarafi, kuma daga dukiyar abokan gaba da aka ƙwace aka biya. Yarjejeniyar zaman lafiya ta San Francisco a 1951 kuma ta rufe ƙofar neman diyya daga Japan. 'Yan Filifin ma nasu ya fi muni, don wata doka ta 1946 ta soke yawancin haƙƙoƙin da aka yi musu alkawari, sai a 2009 aka biya waɗanda suka rage dala 15,000 ga mai takardar zama ɗan Amurka, dala 9,000 ga wanda ba shi da ita.

Yaƙin Koriya ya ƙara dagula lamarin. Sama da Amurkawa 7,000 aka kama, kimanin 2,700 suka mutu a tsare. Amma abin da ya cika jaridu shi ne mutum 21 da suka ƙi komawa gida, da zargin cewa an juya wa fursunoni tunani sun haɗa kai da kwaminisanci. Maimakon tarba, da yawa bincike suka tarar. A 1955 Shugaba Dwight Eisenhower ya kafa ƙa'idar yadda soja zai riƙe kansa in an kama shi. A irin wannan yanayi ba mai tayar da zancen ba fursuna lamba.

Sauyin ya zo ta wata hanya dabam. Sojojin Amurka sun fara mutuwa a Biyetnam alhali ba a ayyana yaƙi ba, dokar lambar kuma ba ta hango haka ba. Ranar 25 ga Afrilu, 1962, Shugaba John Kennedy ya sa hannu a umarni mai lamba 11016 da ya faɗaɗa sharuɗɗan, kuma a ƙarƙashinsa aka fara karɓar raunin da aka ji wa soja a tsare. Fursunoni 591 na yaƙin Biyetnam da aka sako a 1973 sun dawo ƙarƙashin sabuwar ƙa'ida. Na baya fa? An duba maganar ba sau ɗaya ba, aka ce ba za a koma baya ba, wai bai dace a warware hukuncin shugabannin da suka gabata ba. Haka aka wayi gari mutum biyu da aka karya wa hannu ta hanya ɗaya, wanda aka karya a Biyetnam yana da lamba, wanda aka karya a Filifin ko Koriya ba shi da ita, bambancinsu kwanan wata kawai.

Ƙungiyoyin tsoffin fursunoni ba su zauna ba. Nasararsu ta farko a fannin lafiya ce. A 1970 majalisa ta amince cewa in tsohon fursunan da aka tsare wata 6 ya zo da wasu cututtuka irin su beriberi, tamowa ko atuni mai naci, a ɗauka tsarewar ce ta jawo, ba sai ya kawo hujja ba. A 1981 aka rage wa'adin zuwa kwana 30, aka ƙara wasu cututtukan. Wannan babban mataki ne, domin a nan doka ta fara yarda cewa sansanin abokan gaba ba ya ba da rasit. A 1985 aka ƙirƙiro lambar fursunan yaƙi ta musamman, wadda ta koma baya har zuwa 1917. Sai ranar 10 ga Fabrairu, 1996, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar tsaro ta shekarar, wadda sashenta na 521 ya ce wanda aka raunata a tsare, ko a lokacin kama shi, kafin 25 ga Afrilu, 1962, a yi masa yadda ake yi wa na bayansa. An cire wanda kotu ta samu da laifin taimakon abokan gaba. Tsakanin Bataan da wannan rana shekara 54 ne, saura 'yan watanni.

Doka ta buɗe ƙofa, amma takarda tana tsaye a bakinta. Ranar 12 ga Yuli, 1973, gobara ta tashi a ma'ajiyar fayilolin sojoji da ke St. Louis a jihar Missouri, ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18. Kimanin kashi 80 cikin ɗari na fayilolin sojan ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da 1960 sun ƙone, ba kuma kwafi a wani wuri. Waɗannan su ne daidai mutanen da dokar 1996 ta zo dominsu. Ko wanda fayil ɗinsa ya tsira, sau da yawa ba abin da zai samu a ciki. Saurayin da ya shekara 3 a tsare, aka ce masa in ya ambaci ciwo za a riƙe shi a asibiti, ga uwarsa tana jira a gida, me kake tsammani zai gaya wa likitan da ke duba shi kafin sallama? Lafiya lau.

Rundunar sojan ƙasa ta sassauta, ta ce tsohon fursuna ya kawo rubutacciyar rantsuwa, da bayanin wani shaida in zai yiwu. Amma shaidun sun tsufa tare da shi, da yawa sun riga shi. Sannan ƙa'idar lambar tana neman rauni ne da za a danganta kai tsaye da hannun abokan gaba. Cuta ba ta shiga, ciwon firgici na bayan yaƙi ma a 2009 ma'aikatar tsaro ta ce ba ya shiga. Mutumin da yunwar sansani ta lalata wa ido ko jijiyoyin ƙafa zai iya samun kuɗin nakasa daga ma'aikatar tsoffin sojoji, amma hukumar gyaran fayil ta mayar masa da kokensa.

A Oktoba 2008 ma'aikatar tsaro ta ɗauki mataki na ƙarshe mai girma. Ta ce duk wanda ya mutu a tsare tun daga 7 ga Disamba, 1941, za a ɗauka abokan gaba ne sanadin mutuwarsa, sai in akwai ƙwaƙƙwarar hujjar akasin haka. An ƙiyasta mutum kimanin 17,000 abin ya shafa. Hukunci ne mai kyau, iyalai da dama sun sami abin da suka daɗe suna jira. Sai dai ya bar wani giɓi da ban ga yadda za a kare shi ba. Mutum biyu sun kwanta a tabarma ɗaya a O'Donnell, atuni ɗaya ya kama su saboda ruwa ɗaya da aka tilasta musu sha. Wanda ya mutu an ce abokan gaba ne suka kashe shi. Wanda ya rayu da lalataccen ciki har tsufansa an ce cuta ce kawai.

Gwamnatin da ta tura soja yaƙi, ta kasa ceto shi, sannan fayil ɗinsa ya ƙone a hannunta, ba ta da bakin ce masa ya kawo takarda. Zaton alheri da aka yi wa matattu a 2008 ya kamata a yi wa rayayyu: in an tabbatar an tsare mutum a sansanin da aka san ana duka da horon yunwa, ga tabo ko nakasa a jikinsa, a karɓi rantsuwarsa, hukuma ce za ta kawo hujja in tana musu. Ƙaramin fursunan yaƙin duniya na biyu da ke raye yau ya doshi shekara 100, na Koriya kuwa ya kai 90. Waɗanda suka rage ba su da wata shekara 54 ta jira, a ba su lambarsu suna da rai.